Kafin a sauke bwat: awon jijjiga a wani garajin Yamai

Ba duk bwat ɗin da ake saukewa a garajojin Yamai ce ta mutu ba. Wani lokaci rulma guda ce ta ci, wani lokaci ma laifin na farfela ne, sandar da ke kai juyi daga bwat zuwa baya, ko na pon, inda juyin ke rabuwa zuwa tayoyi, bwat ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Amma da yake hanyar binciken ita ce bakanike ya kafa bakin turnabis a jikin bwat ya ɗora kunne a ƙotarsa, hukuncin kusan kullum ɗaya ne: "Alhaji, bwat ta tafi, sai a nemo wata a kasuwar Katako." Bwat dai ita ce abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira giyabos, rulma kuma boris.

Garajin da muke magana a kansa yana gabashin gari, ba nisa da hanyar da ta bi ta filin jirgin sama ta nufi Doso. Abincinsu na kullum Hiace ne da Hilux da Land Cruiser, sai dai sun ƙara wani aiki da ba ko'ina ake samu ba: suna auna jijjigar bwat tana kan mota, ba a kwance bulon ko ɗaya ba. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, a bwat ta hannu awon ya ci kuɗinsa, muddin maigidan garajin ne ya yi shi da kansa kuma an fita da motar kan kwalta. Idan otomatik ce, ko yara ne suka yi awon mota na rataye a kan kirik, to zane kawai ka saya.

Kayan aikin ba su cika jakar hannu ba. Akwai kaptar biyu, wato ƴan na'urorin da ke jin jijjiga, irin na masana'antu, kowanne bai wuce babban yatsa ba, masu ba da milivolt 100 a kan kowane g, wato ma'aunin ƙarfin jijjiga. Akwai ɗan akwati da ke karanta su sau 25600 a daƙiƙa, wanda ke nufin yana gani har Hz 10000, wato bugu 10000 a daƙiƙa, domin a wannan fanni ana raba saurin karatu da 2.56 ne a sami iyakar abin da na'ura za ta nuna da gaskiya. Sai tsohuwar kwamfutar cinya, sai wata ƴar fitila mai ƙirga zagaye, wadda ake haska wa guntuwar takarda mai ƙyalli da aka liƙa a pulin gaban inji. Wannan ƴar fitilar ita ce mafi arha cikin kayan, kuma in babu ita sauran duk ado ne. Wanda bai san zagaye nawa sanda ke yi a daƙiƙa ba, ba shi da hanyar cewa wannan tsinin da ya fito a allo na pinyo ne, wato ƙarfe mai haƙora da ke juyawa a cikin bwat, na rulma ne, ko na inji.

Abin da ya fara burge mu shi ne ba sa gaggawar jona waya. Maigidan yakan tsare direba da tambayoyi: kukan yana canjawa da giya ko da gudun mota? Yana ƙaruwa in ka taka ko in ka ɗaga ƙafa? Da safe ya fi ko bayan mota ta yi zafi? Daga nan a kunna inji a pwamor, wato ba a sa giya ba, a saurara, a taka ambareyaji, a sake saurara. Kukan da ya ɓace da aka taka yana cikin bwat, galibi rulmar sandar shiga, saboda taka ambareyaji ya tsayar da ita. Kukan da sai an taka yake fitowa na bute ne, rulmar ambareyaji, ba ruwan bwat. Wannan tsohon ilimin kanikawa ne, kuma na'ura ba ta kore shi ba.

Bayan haka sai mai. Suna buɗe bulon ɗin cikawa su sa yatsa, mai ya kamata ya kai bakin ramin. In mai motar ya yarda da bidanji, suna tara man a farin kwano su duba mayen ƙarfen da ke kan bulon ɗin zubarwa. Baƙin laushi mai kama da kwalli ba abin damuwa ba ne, kowace bwat na yinsa. Ɓarɓashi mai kaifi da ke sukar yatsa daga haƙori ko rulma ya fito. Ƙyalli ruwan zinari a cikin man tagullar sankuro ce, zoben da ke daidaita gudun pinyoyi kafin giya ta shiga. Man da ya koma kamar kunun gyaɗa ruwa ya sha, abin da ake yawan gani bayan damina, lokacin da mota mai zafi ta kutsa cikin ruwan da ya kwanta a titi, bwat ta huce nan take ta zuƙo ruwa ta hancin numfashinta. Bwat ɗin irin waɗannan motoci tana cin lita 2 zuwa 3, don haka kuɗin sabon mai ba zai hana kowa barci ba.

Akwai wata dabara da masu sayar da mota suka sani: a ɗura mai mai kauri, lamba 140, a bwat ɗin da aka yi wa 75W-90, kuka ya kwanta na ɗan lokaci. Shi ya sa ba a awo da sanyin bwat. Suna tuƙa motar minti 20 ko fiye tukuna, mai ya tsinke, sannan a fara. A zafin Afrilu da Mayu wannan ba ya ɗaukar lokaci, a watan Janairu kuwa sai an yi haƙuri.

Wajen ɗaura kaptar ne ake gane wanda ya iya da wanda ya gani ana yi. Jikin bwat ɗin yawancin motocin nan alminiyam ne, mayen ƙarfe ba ya kama shi. Mai gaggawa sai ya manna kaptar a kan wani bulon mai ƙura ko a kan ƙarfen da ya tallafi bwat, ko ma ya sa yaro ya riƙe da hannu. Riƙon hannu ba ya isar da komai mai amfani sama da kusan Hz 1000, mayen ƙarfe a kan wuri mai gargada yakan tsaya wajen Hz 2000, alhali labarin rulma yana can sama da haka. A nan garajin suna goge wurin da fetur, su kankare shi har ƙarfe ya fito, su liƙa ɗan faifan ƙarfe mai faɗin ƙwandala da Araldite, su jira ya kama, sannan su ɗora kaptar a kansa da ɗigon mai a tsakani. Ɗaya a gaba, dab da inda bwat ta haɗu da ƙwaryar ambareyaji, ɗaya a baya kusa da mafitar farfela, duka a kan ƙashin jikin bwat inda gidan rulma yake, ba a kan siririn murfi ba, domin murfi yana da nasa kiɗan. Wayoyin kuma a ɗaure su nesa da salansa da farfela. Wayar da ke lilo tana bugun ƙarfe za ta haifar maka da ciwon da babu shi.

Sai a fita hanya, kuma da kaya. Haƙoran pinyo in babu nauyi a kansu wasa suke yi da juna, su cika allo da hayaniyar da ba ta nufin komai. Hiace ɗin da ta saba ɗaukar mutum goma sha tara da buhuna a rufi ba za ta faɗi gaskiya tana wayam ba, don haka sukan jefa ƴan buhunan siminti a baya. A kowace giya direba zai riƙe inji a zagaye ɗaya, a ce 2400 a minti, na daƙiƙa goma, sau uku. A maimaita da ƙafa a ɗage, saboda gefen haƙorin da ke aiki in ana ja daban yake da wanda ke aiki in mota ce ke tura inji. A ƙarshe a kai gudun da direba ke kuka da shi, a zare giya a bar mota ta gangara.

Abin da kwamfuta ke yi da wannan ɗauka ba tsafi ba ne. Kamar mutum ne a gidan biki ya iya ware kalangu daban, ganga daban, algaita daban, ya faɗi ƙarfin kowanne. Lissafin na wani Bafaranshe ne, Joseph Fourier, wanda ya wallafa shi a 1822 yana nazarin yadda zafi ke ratsa abubuwa, hanyar yinsa da sauri a kwamfuta kuwa ta bazu ne bayan aikin Cooley da Tukey na 1965. Abin da ke fitowa a allo layi ne mai tsinaye, kowane tsini yana tsaye a kan adadin bugun da wani abu ke yi a daƙiƙa. Aikin mai awo shi ne ya ba kowane tsini sunan ubansa.

Ga yadda ake yi. Inji na zagaye 2400 a minti, a raba da 60, sandar shiga na juyawa sau 40 a daƙiƙa, Hz 40 ke nan. A ce pinyon da ke kanta haƙori 23 gare shi: haƙora za su haɗu sau 23 a ninka da 40, wato Hz 920. In abokin haɗinsa a sandar ƙasa, sanda ta biyu da ke ƙarƙashinta, haƙori 35 ne, sandar ƙasa na juyawa 920 a raba da 35, kusan Hz 26.3. Tsini a kan 920 yana nan ko a sabuwar bwat, kuma yana tsawo in an ƙara kaya, saboda haka tsawonsa kaɗai ba ciwo ba ne. Mun ji maigidan yana nanata wa yaransa wannan, kuma yana da gaskiya. Abin dubawa shi ne ƴan rakiyarsa, ƙananan tsinayen da ke jere dama da hagu. In suna kan 880 da 960, tazarar 40 ce, laifin na pinyon sandar shiga ne. In suna wajen 894 da 946, tazarar 26 ce, laifin yana sandar ƙasa. Tazarar ita ke nuna sandar da ke ɗauke da mai laifi. Lalacewar da ta game duk haƙora takan ɗaga ninki na biyu da na uku, 1840 da 2760, shi ya sa dole na'ura ta gani har sama da Hz 3000. Haƙori guda da ya ɓalle kuwa ya fi bayyana a ɗanyen zanen jijjigar tun kafin a yi masa lissafi: duka ɗaya a kowane zagaye, duk bayan kashi 25 cikin 1000 na daƙiƙa in a sandar shiga yake, 38 in a sandar ƙasa.

A nan ne riƙe ƙafar direba ke da muhimmanci. In inji ya yi sama da ƙasa da zagaye 50 kacal, tsinin 920 zai yi yawo da kusan Hz 19, ya shafe ƴan rakiyar da ke nesa da shi da 26. Manhajarsu tana gyara wannan ta hanyar bin ƙirgar fitila, ta jera komai bisa zagayen sanda maimakon bisa agogo. Amma fitilar tana ƙirga inji ne. In ambareyaji na sulɓi, sandar shiga ba ta tafiya daidai da inji, duk lissafin ya goce. Motar da ambareyajinta ya ƙare, a gyara shi tukuna kafin a kawo ta awo.

Rulma tana da nata lissafin, kuma alamarta ita ce ba ta faɗawa kan cikakken ninki. Misali rulma lamba 6205 mai ƙwallo 9: rami a zoben waje yana bugu sau 3.58 a kowane zagayen sanda, rami a zoben ciki sau 5.42. A Hz 40 ke nan za a nemi 143 da 217. In ba a san lambar rulma ba amma an san yawan ƙwallonta, ana kintata da 0.4 a ninka da yawan ƙwallo don zoben waje, 0.6 don na ciki. Matsalar ita ce bugun rulmar da ta fara ci ƙarami ne ƙwarai, hayaniyar inji da ta haƙora sun binne shi. Sai dai kowane bugu yana sa jikin bwat ya yi ɗan amo mai tsini can sama, tsakanin Hz 2000 da 10000. Manhajar takan yanke duk abin da ke ƙasa, ta riƙe wannan amon, ta ƙirga sau nawa yake tashi a daƙiƙa. Wannan tacewar ce ke kama rulma tun kunne bai fara jin ta ba, kuma ita ce dalilin duk wahalar liƙa faifan ƙarfe.

Wata Hiace mai jigila tsakanin Yamai da Tawa ta nuna amfanin abin sarai. Tana gurnani a giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku da ta biyar, a ta huɗu sai ta yi tsit. Mai ita har ya riga ya yi cinikin wata bwat. A irin wannan bwat giya ta huɗu kai tsaye ce, sandar shiga da ta fita sun zama ɗaya, sandar ƙasa na juyawa amma ba ta ɗauke da kaya. Duk bakanike ya san wannan, sai dai ilimin ya tsaya a kan mutum uku da ake zargi: pinyon shiga da abokinsa, rulmomin sandar ƙasa, ko ƴar rulmar allurai da ke cikin aljihun sandar shiga, wadda ita ma a giya ta huɗu hutawa take. Awo ya raba gardama. Ƴan rakiyar haƙora gajeru ne, babu duka ɗaya a zagaye. A zanen da aka tace kuwa ga tsini tsaye da ninkinsa biyu a bayansa, yana bin gudun sandar ƙasa a kowace giya, kuma ya fi ƙarfi a kaptar na gaba.

Maigidan ya juya allon ya ce, "Alhaji, haƙoranka lafiya lau. Rulmar gaba ce ta sandar ƙasa, zoben waje."

"To Malam, in aka buɗe aka tarar ba haka ba fa?"

"Ladan buɗewar a kaina."

Da aka buɗe, a cikin zoben waje ga wani ɗan rami kamar ƙwayar dawa, gefensa ya fara ɓantarewa, ƙwallayen sun dushe. Sauran kayan bwat ɗin tas. Aka sa rulmomin sandar ƙasa duka biyu, da sipi, robar da ke hana mai tsiyaya, da sabon mai. Sauya duka biyun daidai ne, domin ɓarɓashin da ɗaya ta zubar ya riga ya bi mai ya ziyarci ɗayar.

Sau da yawa kuma amfanin awon shi ne ya wanke bwat. Ɗauki mota mai taya 195R15 da pon mai rabo 4.1, tana rawa a kilomita 80. Kewayen tayar ya kusa mita 2.2, saboda haka tana juyawa wajen sau 10 a daƙiƙa, farfela wajen sau 42. Tsini a 10 na taya ne ko janta. Tsini a 42 farfela ce ta lanƙwashe ko ta zubar da ɗan ƙarfen daidaitonta. Tsini a 84, ninki biyu, kurwaziyo ne, gaɓar farfela, ya ƙage ko kusurwar farfela ta ɓaci, abin da ke faruwa in an ƙara wa mota ganyen sufurin don ta ɗauki kaya. Tarkon shi ne a giya ta huɗu inji ma yana kan 42, kuma inji mai silinda huɗu yana bugu sau biyu a zagaye, wato 84 shi ma. Mai silinda shida, irin 1HZ na Land Cruiser, sau uku yake yi. Shi ya sa ake zare giya a bar mota ta gangara: inji ya sauka, in 84 na nan daram to a ƙarƙashin mota ciwon yake. Wannan gwaji na daƙiƙa goma ya hana a sauke bwat da yawa a banza.

Babbar dukiyar garajin ba na'urar ba ce, wani littafi ne mai baƙin mai a gefen shafuka. Duk bwat ɗin da suka buɗe, sai an ƙirga haƙoran kowane pinyo an rubuta, da lambar kowace rulma da yawan ƙwallonta. Masu ƙera mota suna buga rabon giya, ba kasafai suke buga yawan haƙora ba, rabo kuma ba ya wadatarwa: 35 a kan 23 da 38 a kan 25 duk 1.52 ne, amma ɗaya zai ba ka 920, ɗayan 1000. A motocin da ke cikin littafin, maganarsu tana da nauyi. A waɗanda ba sa ciki, kintace ne, kuma ba kullum suke faɗa wa mai mota haka ba, wanda bai dace ba. Ƙari a kan haka, motocinmu ƴan Kwatano ne da suka sha hannu, bwat ɗin da ke ƙarƙashin Hilux ba lalle ita ce ta fito da ita daga kamfani ba. A duba lambar da ke jikin bwat, kada a dogara da katin mota.

Inda aikin ya yi rauni sosai shi ne ranar da maigidan ba ya nan. Yaran sun iya jona waya, amma sun fi son wata lamba guda da manhajar ke nunawa da launi, milimita a daƙiƙa, kore ko rawaya ko ja. Wannan ma'aunin daga ƙa'idar ISO 10816 ya samo asali, an yi shi ne don injinan da ke kafe a masana'anta irin famfo da janareta, kuma yana duba tsakanin Hz 10 da 1000. A jikin mota mai gazuwal jijjigar inji kaɗai ta isa ta mai da shi ja, rulmar da ta fara ci kuma ba za ta motsa shi daga kore ba. Akwai wata lambar da ke auna yawan duka mai tsini a cikin jijjiga, wadda a lafiyayyen ƙarfe take zama wajen 3, ta hau in rami ya fito. Ita ma tana da yaudara: in rulma ta gama lalacewa, ramuka sun game zoben, sai lambar ta sake saukowa kamar an warke. Yaro ya ga 3 ya ce lafiya, alhali kunne ma yana jin gurnani daga bakin ƙofa.

Abu na biyu, takardar sakamako. Abin da ake ba mai mota hoton allo ne ta WhatsApp, babu giyar da aka auna, babu zagayen inji, babu inda aka ɗaura kaptar. Irin wannan hoto ba ya amfanar wani bakanike, ba ya amfanar su kansu bayan wata shida. Ba sa kuma ajiye ɗaukar da lambar mota, wanda asara ce babba, domin ƙarfin wannan fanni yana cikin kwatanta yau da jiya. Tsinin da ya ninka tsawonsa cikin wata uku ya fi kowane tsini mai tsawo ba da labari. Mai motoci biyar ko goma da ke tashar Wadata ya kamata ya dage a buɗe wa kowace mota jakarta a kwamfutar, a bar faifan ƙarfen a liƙe don a riƙa aunawa a wuri ɗaya, a gudu ɗaya, da kaya iri ɗaya.

Akwai kuma cututtukan da awon ba ya gani ko wa ya yi shi. Sankuro da ya cinye, giya na ƙara in za ta shiga, wannan hannu ke ji. Giya mai fita da kanta, furshet, ƙarfen da ke tura giya, da ya lanƙwashe, roba ko sandar liba da ta saki, duk babu su a allo, saboda ba abubuwa ne masu bugu a kowane zagaye ba. Ƙananan rulmomin allurai da ke ƙarƙashin pinyoyi suna can ciki, kafin bugunsu ya ratso mai da sanda da wata rulmar ya iso jikin bwat ya riga ya galabaita. A ƙananan motoci masu ja da gaba, irin Starlet da Corolla na ƴan taksi, awon yana aiki, amma a manta da dabarar giya ta huɗu: babu giya kai tsaye a cikinsu, kuma pon yana cikin bwat ɗin, nasa haƙoran ma suna cikin lissafi.

Otomatik kuwa gara a kai kuɗin wani wuri. Tsakanin inji da bwat akwai tulun mai da ke sulɓi, saboda haka ƙirgar fitila ba ta ba da gudun sandar shiga. Pinyoyinta suna kewaya juna suna matsowa kusa da kaptar suna nisa, ƴan rakiya su cika allo ko bwat lafiya take. Yawancin ciwonta ma na faifan ciki ne da bawul da ƙarfin mai, waɗanda na'urar karanta lambobin kuskure da launin mai da warinsa suka fi nunawa.

Wasu za su ce ai akwai manhajar waya mai yin wannan. Kaptar da ke cikin waya yana karatu sau ƴan ɗaruruwa ne a daƙiƙa in ya yi ƙoƙari, ganinsa kuma ba ya wuce rabin wannan ko an kai maƙura. Zai nuna maka taya da farfela, har ma ya raba 42 da 84 in ka kwantar da wayar a daɓen mota, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga direba. Haƙora da rulma sun fi ƙarfinsa. Ɗan guntun ADXL345 da ɗaliban fasaha ke haɗawa da Arduino yana kai karatu 3200 a daƙiƙa, ganinsa ya tsaya a Hz 1600, ya isa ya hango tsinin haƙora na farko amma ba zai kai ga amon rulma ba.

Awo yana faɗin abin da ya lalace, ba ya faɗin dalili, kuma in ba a kashe dalilin ba sabuwar rulma ma za ta bi sawun tsohuwa. Garajin yana ƙoƙari a nan. Suna duba sipin baya, wanda ƙura ke cinye wa leɓe har mai ya tsiyaye a hankali ba a lura ba. Suna tambaya ko an taɓa jan motar da igiya tafiya mai nisa farfela na jone, domin a haka sandar fita na juyawa, sandar ƙasa da ke watsa mai kuwa tana tsaye, rulmomin ciki su bushe. Suna faɗa wa direbobi su daina jan kaya a giya ta biyar inji na numfashi da ƙyar. Suna kuma kallon galan ɗin man da aka zuba: inda littafin mota ya ce GL-4, man pon mai GL-5 yana iya sa sankuro na tagulla ya ƙi kamawa da kyau.

Kuɗin awon bai kai ladan sauke bwat da mayar da ita ba, kuma aikin kan ci kamar awa biyu in an haɗa da jiran gam. A je da safe, a tabbatar maigidan yana nan, a ce sai an fita hanya. A nemi a rubuta giya, zagayen inji, wurin kaptar, lambar tsinin da sunan abin da ake zargi, sannan a tambaya kai tsaye ko wannan bwat tana cikin littafinsu. Mai sayen tsohuwar Hilux ko Hiace ya fi kowa cin riba, domin mai mai kauri yana rufe bakin bwat ga kunne amma ba ya hana rulma bugu. Bayan gyara a sake aunawa kafin a cika kuɗin aiki, tsinin da aka yi zargi ya kamata ya ɓace.

Bwat ɗin da ke kwance a ƙasa a kasuwa kuwa ba ta aunuwa, juya ta da hannu ba ya sa mata kaya ko gudu. Wanda dole sai ya saya, ya yi sharaɗi da mai kayan a gaban shaida cewa yana da kwana biyu ko uku na mayarwa, a ɗora ta ranar da aka saya, a zuba mata man da ya dace, washegari da safe a liƙa faifan ƙarfe a nufi hanyar Doso.